Dalilin da ya sa allurar barcin tiyata ta fi yi wa zomo haɗari a kan kare da kyanwa

A Birtaniya, inda iyalai da dama ke ajiye zomo a cikin gida kamar yadda ake ajiye kyanwa, kai shi tiyata abu ne na yau da kullum. Ana dandaƙe namiji, ana cire wa zomanya mahaifa saboda kansar mahaifa da ke yawan kama waɗanda suka manyanta, ana kuma rage haƙoran da suka zarce, domin haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu. Duk waɗannan ayyuka sai an sa dabbar barci, kuma a nan ne matsalar take.

Wani babban bincike da David Brodbelt ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2008, ya bi diddigin dabbobin da aka sa barci a asibitocin dabbobi 117 na Birtaniya tsakanin 2002 da 2004. Ya gano cewa zomo 1 cikin 72 yana mutuwa cikin sa'o'i 48, alhali a karnuka 1 ne cikin 601, a kyanwoyi kuma 1 cikin 419. Ko a cikin zomaye masu ƙoshin lafiya, 1 cikin 137 ne ba ya tsira. Marasa lafiya kuwa, 1 cikin 14.

Halittar zomo

Sashe na wannan haɗari daga halittar zomon yake. Dabba ce da aka saba farauta, don haka takan ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Zomon da ake gani garau yana iya ɗauke da ciwon huhu, sai an sa shi barci numfashi ya gagara. Ƙirjinsa ƙarami ne, ta hanci kaɗai yake numfashi, bakinsa matsattse ne, harshensa kuma mai kauri, abin da ke wahalar da likita wajen zura bututun numfashi. Idan aka kifa masa abin shaƙa kai-tsaye, yakan riƙe numfashi saboda warin maganin. Tsoro kaɗai, kamar jin haushin kare a ɗakin jira, yana iya dagula bugun zuciyarsa. Ga shi kuma jikinsa yana saurin yin sanyi.

Inda sakaci ke shigowa

Sai dai halitta ba ita ce dukan labarin ba. Binciken ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na zomayen da suka mutu, bayan an kammala tiyata suka mutu, galibi cikin sa'o'i uku na farko, lokacin da aka fi sassauta sa ido.

Hausawa kan ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Haka ma zomo da kare: asibiti suka tara, amma dokar jikinsu daban. Ana hana kare abinci kafin tiyata don kada ya yi amai ya shaƙe. Zomo kuwa ba ya amai, kuma idan ya daɗe bai ci ba, hanjinsa yakan tsaya cik, wanda hakan ke iya zama ajalinsa. Maganin atropine, da ake ba kare don daidaita bugun zuciya, ba ya aiki sosai a jikin zomaye da yawa, domin jininsu yana rusa shi. Likitan da ya ɗauki zomo a matsayin ƙaramin kare ya riga ya kuskure tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Saboda haka ne ƙungiyar kare haƙƙin zomaye ta RWAF ke fitar da jerin asibitocin da suka ƙware a kula da zomo. An kuma ƙera na'urar v-gel, wadda ke zama a bakin maƙogwaro ta buɗe hanyar iska ba tare da an zura bututu ciki ba.

Abin da ya shafi mai kiwo a Najeriya

A Najeriya akasarin zomaye don nama da ciniki ake kiwonsu, amma darasin ɗaya ne: maganin wata dabba ba lallai ya dace da zomo ba. Ɗura masa amoxicillin ko clindamycin ta baki yana kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ya jawo gudawa mai kisa. Fipronil, da ake fesa wa karnuka don kaska da ƙuma, guba ne gare shi.

Kafin mai zomo ya amince da tiyata, haƙƙinsa ne ya tabbatar likitan yana da rajistar Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, sannan ya yi tambayoyi: zomaye nawa ya taɓa yi wa aiki? Akwai iskar oksijin da abin ɗumama jiki? Wa zai zauna da dabbar har ta farfaɗo? Wane maganin raɗaɗi za a ba ta? Idan aka ce a hana zomon abinci tun dare, ya dace a nemi wani likitan. Bayan an koma gida kuma, zomon da ya kai sa'o'i 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bukatar a mayar da shi asibiti nan take.