Abubuwan da ya kamata ka sani: Matasan Amurka da ba sa jami'a da matsalar shan barasa

A Amurka ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba barasa, tun bayan dokar tarayya ta 1984 da ta matsa wa jihohi lamba. Amma da zarar an cika shekarun, sai a ce wa kwalba salamu alaikum, domin 'yan farkon shekarun ashirin na cikin waɗanda suka fi kowa kwankwaɗa. Shekara da shekaru masu bincike sun zuba ido kan ɗaliban jami'a, alhali cikin matasa goma 'yan shekara 18 zuwa 24, kusan huɗu ne kawai ke jami'a ko kwaleji. Da yawa daga cikin sauran suna wurin gini, kicin ɗin gidajen abinci, barikin soja, ko zaman kashe wando.

Nawa ne ya yi yawa?

Cibiyar NIAAA ta gwamnatin Amurka, mai bincike kan barasa, ta sa ma'auni: namiji ya sha awo biyar, mace huɗu, cikin kamar awa biyu, to ya shiga shan ganganci. Awo ɗaya shi ne giram 14 na zallar sinadarin maye, kwatankwacin gwangwanin giya mai mililita 355. Wanda ya yi haka, mayen da ke jininsa ya kai matakin da doka ta hana tuƙi. Ga shi kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Me ya sa aka bar waɗanda ba sa jami'a a baya?

Sauƙi ne ya jawo. Ɗalibi yana da ɗakin kwana a makaranta, da asibitin makaranta, da shugaban da zai iya tilasta masa ganin mai ba da shawara. Shirin da ya fi suna, BASICS, wanda Alan Marlatt da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Washington, don ɗalibai aka yi shi. Shi kuwa mai ɗaura rufin kwano, wa zai kira shi ofis? Lafiyarsa ƙalau yake gani, ba ya zuwa wurin likita, wani ma ba shi da inshorar lafiya. Kuma binciken gwamnati ya nuna ma'aikatan haƙar ma'adinai da gini da gidajen abinci na sahun gaba a yawan sha. Inda maigida da kansa ke buɗe kwalba bayan an tashi aiki, yaron da ya ce a'a sai ya ji kamar ya fita daga dangi.

Abin da ke aiki

Wa'azi da tsoratarwa ba su cika tasiri ba. Hanyar da wani masani, William Miller, ya fito da ita a 1983 ta ginu ne kan tambaya da saurare, har matashin ya faɗi dalilinsa na son ragewa da bakinsa: kuɗin haya da suka salwanta, ko safiyar Litinin da ya kasa tashi. Ana farawa da AUDIT, tambayoyi goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, waɗanda ba sa cin minti biyar. Daga nan a nuna masa yadda shansa yake idan aka gwada da na tsararsa. Nan da yawa ke yin turus, don sun ɗauka kowa haka yake sha.

Saura a ina za a same shi. Wani likita a Pittsburgh, Brian Suffoletto, ya lura cewa ko ba ko'ina, irin waɗannan matasa sukan zo sashen agajin gaggawa, wani da tsagaggen hannu, wani bayan hatsari. Ya ɗauki matasa 765 'yan 18 zuwa 25, aka riƙa tura wa wasunsu saƙon tes har mako 12. Ranar Alhamis wayar ta tambaye ka: akwai shirin sha a ƙarshen makon nan? In ka ce e, ta nemi ka sa wa kanka iyaka. Ranar Lahadi ta dawo: nawa ka sha? Raguwar da aka samu ba wata babba ba ce, gaskiya, amma ta ɗore watanni bayan saƙonnin sun tsaya, kuma kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba. A ganina sirrin yana ga ranar Alhamis ɗin, lokacin da mutum yake cikin hayyacinsa.

Farashi ma yana magana, musamman ga mai ƙaramin albashi. Shi ya sa Sikotland ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin barasa a 2018.

Idan abin ya yi nisa

Gajeriyar hira ta mai shan ƙarshen mako ce. Wanda jikinsa ya riga ya saba, har hannunsa na rawa da safe sai ya kurɓa, magani yake buƙata, irin su naltrexone da Amurka ta amince da shi tun 1994. Wannan gargaɗin ya shafe mu nan gida, inda kunya ke sa a ɓoye mashayi a ƙuryar ɗaki: yanke sha kwatsam ga irin wannan mutum na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har a rasa rai. Idan ɗanka ne ko ƙaninka, kada ka kulle shi ka ce ya daure. Ka kai shi asibiti.