Ko ka sani? Na'urorin da ke sauraron ƙasa da sama

Akwai wasu ƙananan na'urorin awo da ake kakkafawa a gona, ko daji, ko bakin kogi, suna aika wa juna saƙo ta iska ba tare da an ja musu waya ba. Kowace ɗaya tana da sassa huɗu: abin da ke jin zafi ko danshi ko motsi, 'yar ƙwaƙwalwar lissafi, ƙaramin rediyo, da batir wanda sau da yawa hasken rana ke cika shi. Don tattalin wuta, na'urar takan yi barci, ta farka ta yi awo, ta miƙa sakamakon ga maƙwabciyarta ko ga babbar tasha, ta koma barci.

Ma'aunin ruwan sama ya isa misali. Ruwa na bi ta mazurari ya zuba a wani ɗan cokali mai baki biyu. Da ya cika, sai ya rinjaya ya zubar, ɗaya bakin ya karɓa. A yawancinsu, kowace rinjaya na nufin milimita 0.2, kuma na'urar na ƙidaya ta.

Amfanin irin waɗannan na'urori a ƙasar Batsari da Safana da ke jihar Katsina a fili yake. Hadari kan zubar da ruwa a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, don haka awon da aka yi a birnin Katsina ba zai faɗi halin gonar da ke gefen dajin Rugu ba. Manomin gero kan tona ƙasa da hannu ya ga ko ruwan ya isa shuka. Na'urar da aka binne tana yin wannan aikin dare da rana. Haka kuma, wadda aka kafa a saman kogi tana iya yin gargaɗi kafin ruwa ya iso gari. Ambaliyar dare da ta ci rayuka fiye da 40 a Jibiya cikin Yulin 2018 ta nuna darajar irin wannan gargaɗi.

Tun 2014, ƙungiyar TAHMO ke aikin kafa tashoshin yanayi a Afirka, galibi a harabar makarantu, da burin kai su 20,000, ɗaya a kowace kilomita 30.

Sai dai tsarin na da rauni. Tashar da ta dogara da layin salula takan yi shiru idan babu sabis, kuma a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro. Rediyo irin na LoRa kuwa na kai saƙo kilomitoci da dama ba tare da turken kamfanin waya ba. Ƙurar hunturu ma takan rufe faifan hasken rana, ganye ya toshe mazurari. Shi ya sa kowace tasha ke buƙatar mutumin gari da zai riƙa share ta yana duba lafiyarta.