Gulbin Kaba: Kwarin da Ake Yanke Goriba Tun Tana Ƙasa

A ranar kasuwa a Mayahi ko Tasawa, kafin hantsi ya dubi ludayi amalanken shanu da na jakuna sun gama shigowa da dammunan kaba, wasu ɗanye shar, wasu sun bushe sun yi fari. Can gefe masu tabarma sun baje haja, ga igiyar ɗaure dabbobi da ta guga, ga faifai, ga malafa, ga yara da tiren goriba suna zagayawa. Duk wannan kaya daga itace guda ya fito, kuma mafi yawansa daga kwari guda: Gulbin Kaba.

Kwarin ya taso daga arewacin Najeriya, ya shigo Nijar ta kudancin jihar Maradi, ya ratsa ƙasar Tasawa, ya bi ta Kanambakashe da Mayahi, sannan ya karkata yamma ya sake gangarawa Najeriya inda ya haɗu da gulbin Rima. Baƙon da ya je neman ruwa mai gudu zai sha mamaki, domin a mafi yawan sassansa rairayi ne kawai, sai tabkunan da damina ke bari. Ruwan yana ƙarƙashin ƙasa, kuma shi goriba take bi. Inda ruwan sama ke tsayawa tsakanin milimita 300 da 500 a shekara, kamar wannan yanki, itacen da saiwarsa ke iya cim ma damshin ƙasa shi ke da ta cewa.

Kabar da ke kwance a ƙasa cunkus da goribar da ta miƙe sama ta yi rassa tsiro ɗaya ne, wanda masana ke kira Hyphaene thebaica. Shekaru da kulawa ne kaɗai suka raba su. Itacen yana da hali na daban a cikin danginsa. Dabino da giginya kan miƙe da gangar jiki guda har ƙarshe, ita kuwa goriba sai ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Akwai namiji akwai mace, kowanne a gindinsa, kuma macen ce ke 'ya'ya. Idan aka sare babbar, gindin ba ya mutuwa: toho ne ke fitowa ta ko'ina, ya zama kurmin kaba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowane toho ido ɗaya gare shi, can a tsakiyar zuciyarsa, daga nan duk sabon ganye ke fitowa. Masu saƙa kuwa ba tsohon ganye suke so ba. Wanda suke nema shi ne sabon da bai gama buɗewa ba, mai laushi, wanda idan aka tsaga shi aka shanya zai yi fari ya karɓi rini. Mace za ta sunkuya a tsakiyar kurmin, ta kauce wa ƙayar da ke jere a gefen sandar ganyen, ta zura wuƙa ko lauje can ƙasa ta yanko. In wuƙar ta zarce ta taɓa idon, tohon ya mutu. In ba ta taɓa ba, ya rayu, amma an ɗauke masa ganyen da zai ciyar da shi. Kafin ya farfaɗo wata ta zo, bayanta kuma raƙumi ko akuya. Haka kurmi zai shekara ashirin bai wuce ƙugun mutum ba, alhali yana da ƙarfin da zai kai tsawon soro biyu ko fiye.

Mai neman ɗora wa matan laifi bai san rani a ƙasar Mayahi ba. Idan rumbu ya fara sauka, kuɗin tabarma da igiya ne ke sayen tiyar hatsi, da gishiri, da maganin yaro. Sana'a ce da ba ta bukatar jari, wuƙa ce da ƙafa, shi ya sa ta zama ta marasa gona, da zawarawa, da matan da mazajensu suka tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500, kuma jihar Maradi na cikin wuraren da suka fi yawan haihuwa a duniya. Hannayen da ke shiga kurmi ƙaruwa suke, kurmin kuwa yana nan yadda yake.

Manyan goriba sun fara ƙarewa ne a shekarun fari. Bayan na 1973 zuwa 1974, sai ga na 1984, wanda har yau mutanen yankin ke tunawa da shi da sunan El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gungumen goriba yana da ƙarfi, gara ba ta cika cinsa ba, ana rufin ɗaki da shi, ana kafa bakin rijiya. Mai yunwa da gatari ba ya lissafin shekarun da itace ya yi kafin ya kai haka. Aka sare, aka sayar.

A farkon shekarun 2000, wani shirin gwamnati na kula da dazuzzuka mai suna PAFN, wanda Bankin Raya Afirka ya ba kuɗi, ya yi aiki a kwarin, masana daga cibiyar CIRAD ta Faransa, cikinsu har da Régis Peltier, suka yi nazari tare da ma'aikatan Nijar. Abin da suka gani ya saɓa wa zaton mutane da yawa. An saba cewa noma ne ke cinye daji. A Gulbin Kaba kuwa, manyan goriba masu 'ya'ya sun fi tsira a cikin gonaki, yayin da a makiyayar da ke tsakiyar kwarin, wadda ta kowa ce, kusan babu abin da ya rage sai kurmin kaba da ake ta aske wa kai. Goribar da ke gonar wani tana da mai tsawatarwa. Ta fili kuwa, duk wanda ya bar ganye yau ya san wani zai yanke shi gobe, don haka ba wanda ke bari.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a jihar Maradi. Tun zamanin Turawa, har bayan samun 'yanci, doka ta ɗauki itatuwa masu daraja a matsayin na hukuma, ko da a gonar mutum suke. Manomi ya yanke reshe a gonarsa, jami'in gandun daji ya ci shi tara. Sakamakon haka mutane suka riƙa kashe toho tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu magana. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Maimakon dasa sabon itace da ba ya kai labari, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi, a rage sauran, a bar shi ya tashi. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, daga baya manoma suka ci gaba da kansu, ta yaɗu daga gona zuwa gona. Ita ce ake kira sassabin zamani. Lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, sun kiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 da suka dawo, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Doka ta biyo baya a hankali: kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai kuma dokar 30 ga Yuli 2020 da ta amince wa manomi da mallakar itacen da ya raina a gonarsa.

Gawo da sabara da kalgo ne suka fi cin moriyar wannan sauyi. Kaba ma tana karɓarsa, kuma hanyar ba ta da wuya: a kowane kurmi a ware toho ɗaya ko biyu, a ɗaura masa alama, a hana wuƙa taɓa shi har ya yi ganga ya wuce bakin dabba, sauran kuma a ci gaba da yanka. Ba a hana mai saƙa ganye ba, an kuma sami itace.

Wuyar tana wajen mutane. Da zarar an kwashe amfanin gona, al'ada ta buɗe gonaki ga kowa, dabbobi su shiga, masu yankan kaba su shiga. Manomin da ya ce kabar gonarsa tasa ce har cikin rani yana da hujja, amma matar da ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa ita ma tana da tata, domin a nan uwarta ta yanka. Ga kuma Fulani da Buzaye da kwarin ya zame musu burtali da mashaya a tafiyarsu tsakanin kudu da arewa, waɗanda ke kallon duk wani shinge a matsayin farkon ƙwace makiyaya, kuma tarihi bai ƙaryata su ba. Shirin PAFN ya gwada kafa rumfunan sayen ganye da kwamitocin ƙauye, a riƙa cire wani kaso na kuɗin ana mayarwa wajen rainon kurmi, irin tsarin kasuwannin itacen wuta na karkara da Nijar ta soma a 1992. Tunanin mai kyau ne. Sai dai irin wannan kwamiti yana ɗorewa ne kawai idan masu yankan da makiyaya na zaune a cikinsa, ba a yanke hukunci a fadar maigari a aiko musu ba.

Abin da ake asara idan kaba ba ta girma ba shi ne 'ya'yan. Ɓawon goriba mai zaƙi ana gurgurarsa, ana daka shi a yi gari don kunu da abin sha, ɗanyen kwalshi yara na sha, ƙodagon kuma yana ci da wuta kamar gawayi. Darajarta tsohuwa ce: an sami kwandunan goriba a kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar, fiye da shekara 3,000 da binne shi. A birane yanzu ana sayar da garinta da sunan maganin hawan jini. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a Masar da suka nuna alamar tana sauke jini, amma ba su kai a ce mai ciwon ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ba, ko da mai talla ya rantse.

Fasahar ƙirga itace daga sama ta yi nisa. A 2023 mujallar Nature ta buga aikin masana da suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen ƙirga itace kusan biliyan 10 ɗaya bayan ɗaya a busassun ƙasashen Afirka, daga tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya. Amma tauraro kore yake gani. Kwarin da ya cika da kurmin kaba zai iya fitowa shar a hoto alhali babu mai 'ya'ya ko ɗaya a cikinsa, kuma wanda ya dogara da hoton zai rubuta cewa daji lafiya lau. Sai an taka an duba: nawa ne suka yi ganga, nawa ne mata.

Wannan lissafi ya shafi manomi ma. Ba a gane namiji da mace sai itacen ya yi fure, bayan shekaru ana jira, kuma duk tohon da ya fito daga gindi guda jinsinsa ɗaya. Wanda ya raini uku daga kurmi guda zai iya wayar gari da maza uku. Gara ya zaɓa daga kurmi daban-daban a faɗin gonar, kuma idan sun nuna kansu kada a bi mazan da gatari gaba ɗaya saboda gungumensu, domin macen ba ta ɗaukar 'ya'ya sai da garin furen namiji a kusa da ita.