Ɓera a Bakin Ƙofar Haske

Duk wanda ya taɓa haska tocila cikin ɗakin ajiyar hatsi da dare ya ga wannan: ɓera ya daskare a kan buhu, gashin bakinsa na rawa, sai wuf, ya bi gindin bango ya ɓace. In da yadda zai yi, ba ya ratsa tsakiyar ɗaki. Mukan ce halin ɓarawo ne, ko da yake in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni dai ina ganin tsoron nan ya girmi satar. A fili ne shirwa da mage da mujiya suke samun abin kalaci, shi ya sa ko ɓerayen daji sukan rage yawo a daren farin wata. Halitta ce ƙarama da zuciyarta ke bugawa fiye da sau 500 a minti guda, kuma duhu ne garkuwarta.

A 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jacqueline Crawley da Frederick Goodwin, suka mai da wannan hali ma'auni. Akwati ne mai ɗaki biyu: babban ɗaki haske tarwai, ƙaramin kuma duhu, da 'yar kafa a tsakani. Babu duka, babu horon yunwa. Ajiye ɓeran kawai ake yi na 'yan mintoci, a ƙirga sau nawa ya ƙetara, da daɗewarsa a cikin hasken.

Abin kallon yana bakin kafar nan. Zai fara leƙo da hanci, ya shinshina, ya miƙe jiki kamar danƙo, ƙafafun baya na kafe cikin duhu. Son ganin sabon wuri na jan sa, tsoro na riƙe da shi. Ya fito taku uku, ya koma da gudu, ya sake leƙowa. Hausawa sun ce ɓera na ganin raminsa ba ya yarda wuta ta ci shi. Da aka ba ɓerayen diazepam, maganin da likitoci ke bai wa mutane don fargaba, sai ƙetarawar ta ƙaru. Ta haka akwatin ya zama wurin gwada magungunan damuwa.

Waɗannan ɓeraye a keji aka haifi kakannin kakanninsu, ba su taɓa ganin mage ba, amma tsoron na nan. Har dangi ya bambanta: farin nan da ake kira BALB/c yawanci ya fi baƙin C57BL/6 noƙewa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai abin da ya fi taɓa ni shi ne rabon hannun mutum a cikin tsoron da ake cewa gado. A 2014, a Jami'ar McGill ta Kanada, aka gano cewa warin jikin namiji, ko rigar da ya kwana da ita, na tayar wa ɓeraye hankali. Kafin nan, a 2010, Jane Hurst ta Jami'ar Libaful ta nuna cewa ɗaga ɓera ta wutsiya, yadda aka saba yi shekara da shekaru, yana ƙara masa fargaba. Sai ta sa masa ɗan bututu a keji. Ya shiga da ƙafarsa, a ɗauke shi a ciki. Bayan 'yan kwanaki, ɓeran da aka saba ɗauka haka shi da kansa yake zuwa ya shinshini yatsun mai kula da shi.