Madatsar Ruwa Ta Daɓe Da Maganin Yoyonta

Dukanmu mun san daɓen ɗaki: a baza tsakuwa da ƙasa mai laima, a bi da madaɓi har ta kama. To, haka injiniyoyi ke gina waɗansu manyan madatsun ruwa. Sai dai su kankare suke daɓewa, madaɓinsu kuwa rola ce mai girgiza.

Ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa da ruwa kaɗan, yadda kwaɓin ba zai malala ba. Akan haɗa da tokar kwal a rage siminti, gama siminti mai yawa yana kawo zafi, zafi kuwa yana tsaga bango. Tifa ta juye, katafila ta baza kaurin santimita 30, wato kamar ƙafa ɗaya, rola ta danne. Sa'an nan a ɗora wani hawa. Aikin akwai sauri da rangwamen kuɗi.

Amma fa da wuyarsa. A 1982 aka daɓe madatsar Willow Creek a jihar Oregon ta Amurka cikin ƙasa da wata 5, domin kare garin Heppner, inda rigyawa ta kashe mutum 247 a 1903. Da ruwa ya fara taruwa a 1983, sai ga shi yana tsattsafowa ta tsakanin hawa da hawa. Tilas aka haƙa ramuka daga saman bango har gindinsa, aka ɗura ruwan siminti. Gyaran ya ci wajen dala miliyan 2.

Tun daga nan aka shiga taitayi. Ana share kowane hawa, a shafa kwaɓi mai laushi kafin a ɗora na gaba. Fuskar da ke kallon ruwa ana yi mata kankare mai siminti da yawa, ko a lulluɓe ta da roba. Dutsen gindi ana toshe tsagoginsa da ruwan siminti. Cikin bango kuma akwai hanyoyi inda ɗan yoyon da ya rage ke taruwa, a riƙa auna shi. Da irin wannan gini aka ta da madatsar Gibe ta 3 a kogin Omo na Habasha, wadda aka buɗe a 2016, tsawonta ya wuce mita 240.

Mu da ƙungiyoyinmu ke tare rafi da ƙasa domin noman rani, darasin ɗaya ne. Kada mu jibga ƙasa gaba ɗaya. Mu baza kaɗan kaɗan, mu yayyafa ruwa, mu daɓe sosai, mu kakkarce bisa kafin mu ƙara. In muka ga yoyo yana ƙaruwa, ko ruwansa ya fito da laka, to bango ne yake ci ta ciki. A rage ruwa, a kira injiniya ran nan.