Yadda Ƙasar Danmak Ta Bar Tsofaffi A Ɗakunansu

Cikin shekarar 1987 majalisar dokokin Danmak, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, ta kafa dokar da ta tsayar da gina gidajen tara tsofaffi irin na dā. A waɗannan gidaje tsoho kan zauna ne tamkar majinyaci. Hukuma ta riƙe fanshonsa, a ba shi ɗan abin kashewa, lokacin cin abinci da na barci kuwa sai yadda ma'aikata suka tsara.

Asalin canjin wani kwamiti ne da gwamnati ta naɗa a 1979, ya gama aikinsa a 1982. Shawararsa ita ce kada tsufa ya raba mutum da rayuwar da ya saba, a bar shi ya yanke wa kansa shawara, a kuma yi amfani da sauran ƙarfin da ya rage masa.

Saboda haka sai aka raba zancen muhalli da zancen jinya. Gidajen da aka shiga ginawa kowane yana da madafa da makewayi nasa, da ƙofofi masu faɗin da keken guragu zai wuce. Mai shiga ɗan haya ne, makulli na hannunsa. Wanda ya fi son tsohon gidansa kuwa, can ma'aikatan ƙaramar hukuma za su same shi, su yi masa shara, su taimaka masa wajen wanka, malamar jinya ta zo ta duba magani. Watau taimako ne ke bin tsoho, ba a ɗauke shi a kai wa taimako.

Daga baya aka lura yawan yi wa mutum hidima kan kashe masa jiki. A 2008 garin Fredericia ya soma tura masu horarwa su koya wa tsoho sa tufafi da girki da kansa bayan ciwo, maimakon a riƙa yi masa. A 2015 doka ta wajabta wa dukan ƙananan hukumomin ƙasar 98 bin wannan hanya.

Abin dai ba kyauta ya faɗo ba. Haraji ne mai nauyi ke ɗauke da shi, ga ƙarancin ma'aikata, har tsofaffi kan yi kukan cewa kullum baƙuwar fuska ke buɗe musu ƙofa, ta yi sauri ta fita.