Kati a Aljihu, Suna a Rajista

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin jam'iyya na mazaɓa a lokacin rajista ya san yadda wurin yake. Shago ne na haya, an shafe ƙofarsa da fentin jam'iyya, tuta tana kaɗawa a kan gora. A ciki akwai tebur ɗaya da benci biyu, sakatare ya duƙufa a kan littafi, ga kwalbar gam da tambari a gefensa. Ka miƙa masa hotunan fasfo biyu, ya tambaye ka suna da unguwa da akwatin da kake jefa ƙuri'a, ya duba katin zaɓenka, ya rubuta. Hoto ɗaya ya manna shi a ɓangaren da zai yage ya ba ka, ɗayan kuma a gindin takardar da zai zauna cikin littafi. Ka sa hannu ko ka dangwala, ciyaman da sakatare su sa nasu, a buga tambari. Kafin ka sha ruwa ka zama ɗan jam'iyya.

Wannan gindin takarda da aka bari a littafi shi ne asalin maganar. Lamba ɗaya ce a jikinsa da jikin wadda ke hannunka. Daga irin waɗannan littattafai ake haɗa rajistar mazaɓa, a tura kwafinta ƙaramar hukuma, daga nan jiha, har hedikwatar uwar jam'iyya a Abuja. Ranar da aka ce za a tantance ka, abu uku ake dubawa: ko lambar katinka ta dace da ta rajista, ko fuskarka ta dace da hoton, da kuma ko ka biya kuɗin da tsarin mulkin jam'iyyar ya ɗora wa kowane mamba. Idan sunanka ba ya cikin rajista, katin da ka adana cikin leda ba zai tsinana maka komai ba.

Mutane da dama suna haɗa katin jam'iyya da katin zaɓe, alhali kowanne da gidansa. Katin zaɓe hukumar INEC ce ke bayarwa, da shi ake kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe. Katin jam'iyya kuwa jam'iyya ce ke bugawa da kanta, ita ke rabawa, ita ke tantancewa. Amfaninsa yana zuwa tun kafin babban zaɓe, a taron zaɓen shugabannin mazaɓa, da zaɓen daliget, da zaɓen fid da gwani na ƙato bayan ƙato. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Sashe na 131 da na 177 sun ce mai neman shugabancin ƙasa ko kujerar gwamna dole ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce za ta tsayar da shi. Ke nan duk sunan da ka gani a ranar zaɓe, masu kati ne suka riga ka zaɓe shi. Kai sai dai ka ɗauki ɗaya daga abin da suka ajiye maka.

Shi ya sa Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa baki. A lokacin, sashenta na 77 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙe rajistar 'ya'yanta a takarda da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani ko babban taro. Manufar a fili take: kada a kwana da rajista ɗaya, a wayi gari da wata.

Kanawa sun ga nauyin wannan sashe da idonsu. Bayan zaɓen gwamna na 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a ranar 17 ga Nuwamba cewa Abba Kabir Yusuf, wanda aka bayyana ya ci zaɓen, ba ɗan NNPP ba ne a lokacin da aka tsayar da shi, saboda sunansa ba ya cikin rajistar da aka kai wa INEC. Jiha guda ta yi kusan wata biyu zuciya a hannu. A ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wancan hukunci, ta ce batun wane ne ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gidan jam'iyya. Irin amsar da APC ta samu ke nan a watan Satumban 2023, lokacin da ta ce sunan ɗan takarar shugaban ƙasa Peter Obi ba ya cikin rajistar jam'iyyar Leba. Abin da wannan ke nufi shi ne kotu ta mayar wa jam'iyyu kayansu. Idan rajista ta gyaru, daga cikin gida ne. Idan ta lalace, daga can ne.

A cikin gidan kuwa, mazaɓa ce tushe. Nijeriya tana da mazaɓu 8,809 a ƙananan hukumomi 774, kuma duk girman ɗan siyasa, sunansa yana cikin littafin ɗaya daga cikinsu. Adams Oshiomhole yana shugaban APC na ƙasa mazaɓarsa a jihar Edo ta dakatar da shi a 2019, kuma a kan wannan dakatarwa kotu ta raba shi da kujerar a 2020. Iyorchia Ayu yana shugaban PDP na ƙasa mazaɓarsa ta Igyorov a jihar Binuwai ta dakatar da shi a 2023, kuma cikin laifin da aka ɗora masa har da rashin biyan kuɗin zama mamba. Sakataren da ke zaune a wancan shagon haya, alƙalaminsa yana iya kaiwa har Abuja.

'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa yaƙin neman tikiti yake farawa daga littafin rajista. Na taɓa tsayawa a layi da wani dattijo mai sayar da goro, ya rufe teburinsa tun hantsi, hotunansa biyu a hannu. Da aka zo kansa aka ce littafi ya ƙare, ya dawo gobe. Ya dawo sau uku. A ƙarshe muka ji cewa littattafan suna wani gida a bayan layi, ana cika su da daddare da sunayen mutanen tsagi ɗaya. Dattijon ya mayar da hotunansa aljihu ya koma kan goronsa. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba, amma an cire shi daga jam'iyyar da ya shekara yana yi wa hidima. Wannan ya fi satar akwati muni a wurina, domin satar akwati ana ganin ta, wannan kuwa ba ta barin sawu.

Wata cutar ita ce kumbura adadi. A zaɓen fid da gwani na 2018, APC ta ce Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 2.9 daga 'ya'yanta a Kano kaɗai. Da aka zo babban zaɓe a 2019, abin da ya samu a Kano bai kai miliyan 1.5 ba. Bayan sabunta rajistar 2021 ƙarƙashin kwamitin riƙo na Mai Mala Buni, jam'iyyar ta ce tana da mambobi fiye da miliyan 40. A 2023 ɗan takararta ya ci zaɓe da ƙuri'u miliyan 8.79, kuma duka ƙuri'un da aka kaɗa a ƙasar ba su kai miliyan 25 ba. Wannan hali bai tsaya a jam'iyya ɗaya ba, kowace tana son a ce ita ce mai jama'a. Illarsa ita ce sunayen bogi su ne rumbun da ake ɗebo ƙuri'un bogi ranar fid da gwani.

Yanzu jam'iyyu suna komawa rajista ta intanet. PDP ta ƙaddamar da tata a 2021, wasu ma sun bi sahu, ana ɗaukar hoto da waya, ana neman lambar katin zaɓe ko lambar shaidar ɗan ƙasa. Wannan ci gaba ne na gaske. Kwamfuta tana iya kama sunan da aka rubuta sau biyu, kuma ba a ɓoye ta a ƙarƙashin gado kamar littafi. Sai dai tana da nata sharaɗin. Ƙauyen da ba sabis, da tsohuwar da ba ta da babbar waya, suna buƙatar wanda zai je ya same su. Kuma idan mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗin shiga na'urar, to an canza wa littafin riga ne kawai. Gyaran da zai tsaya shi ne a kafe sunayen mambobi a bangon ofishin mazaɓa kafin kowane taro, kowa ya zo ya duba, maƙwabci ya shaidi maƙwabci, a fitar da na mamaci da na wanda ya sauya sheƙa.

Sauran aikin namu ne. A zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, talaka yakan ciri kuɗinsa ya yanki kati, alhali ya san zama ɗan jam'iyyar na iya jawo masa ɗauri ko bulala. Shi ya sa yake iya tashi a taro ya tambayi shugabanni. Yau kuwa sau da yawa mai neman takara ne ke biya wa mazaɓa guda kuɗin kati, kuma wanda aka ciyar ba ya ɗaga murya a gaban mai akushi. In kana da jam'iyyar da ka yarda da ita, ka je da ƙafarka, ka biya da kuɗinka, ka karɓi rasit, ka riƙe lambarka. Bayan an rufe rajista ka koma ka ce wa sakatare ya buɗe littafi ya nuna maka sunanka. Haƙƙinka ne, kuma ranar da mutum ɗari suka yi haka a mazaɓa ɗaya, zai yi wuya a sake cika littafinta da daddare.